Sarauniya Amina ta Zazzau da Makaman Zamaninta

Gabatarwa

Ɗalibai, idan kuka hau mota daga Kwoi ko Kafanchan kuka nufi arewa, kuka wuce Kaduna, za ku isa birnin Zariya. Kafin ku shiga tsohon gari za ku ga sauran wata doguwar katanga ta jar ƙasa, mai kauri ƙwarai. Wannan katanga ita ake kira ganuwa. Tana da ƙofofi masu suna, irin su Ƙofar Doka da Ƙofar Kuyambana da Ƙofar Gayan. A wurare da dama na ƙasar Hausa, idan kuka tambayi dattawa sunan irin wannan tsohon gini, za su ce muku ganuwar Amina ce.

A wannan darasi za ku karanta rayuwar wannan mata da ake jingina wa ganuwa. Za ku koyi sunayen makaman da aka yi yaƙi da su a zamaninta, da yadda ake koyon sarrafa su. Za ku kuma ga abin da makami ya amfanar da abin da ya ɓata, domin ku iya auna labarin da hankalinku.

Inda aka samo labarinta

Labarin Amina ya zo mana ta hanyoyi biyu. Hanya ta farko ita ce ta baka, wato abin da kakanni suka gaya wa jikoki har ya iso gare mu. Hanya ta biyu ita ce ta rubutu. Muhammadu Bello ɗan Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya ambace ta a littafinsa Infaƙul Maisuri, wanda ya rubuta da Larabci a 1812. Littafin Tarihin Kano, wanda aka rubuta da Larabci a ƙarshen ƙarni na 19, shi ma ya kawo labarinta.

Waɗannan hanyoyi sun saɓa game da lokacin da ta rayu. Tarihin Kano ya sanya ta a zamanin Sarkin Kano Dauda, wanda ya yi mulki daga 1421 zuwa 1438. Masana da yawa kuwa, bisa la'akari da jerin sarakunan Zazzau, sun sanya ta a ƙarni na 16. Wani abin lura shi ne sunanta bai fito a cikin jerin sarakunan ba. Saboda haka wasu masana suna ganin sarautar Magajiya ta riƙe tare da jagorancin mayaƙa, wasu kuma suna ganin ta hau gadon sarautar Zazzau sosai. Duk da wannan saɓani, waɗannan hanyoyi sun yarda a kan abu ɗaya: Amina jaruma ce wadda ta faɗaɗa ƙasar Zazzau da ƙarfin yaƙi.

Asalinta da ƙuruciyarta

Amina 'yar Bakwa Turunku ce. Jerin sarakunan Zazzau ya nuna Bakwa ta hau mulki wajen 1536, kuma yawancin masu ba da labari sun ce mace ce. Garin Turunku yana nan har yau a Ƙaramar Hukumar Igabi ta Jihar Kaduna, a gindin duwatsu. Amina tana da ƙanwa mai suna Zariya, wadda aka ce birnin Zariya sunanta ya ci. Tana kuma da ɗan'uwa mai suna Karama, wanda ya yi sarautar Zazzau.

Labarin baka ya nuna cewa tun tana ƙarama Amina ta fi son zaman fada a kan wasan 'yan mata. Takan zauna kusa da kakanta, tana sauraron yadda ake shari'a da yadda ake shawarar yaƙi. Da ta kai shekara 16 aka naɗa ta Magajiya, wato babbar sarauta ta mata a gidan sarki. Masu neman aure suka yi ta zuwa da dukiya, amma hankalinta yana wurin dawaki da makamai. Ta shiga cikin baraden Zazzau tana koyon hawa da sara da suka. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Lokacin da Karama ya hau gado ya shiga yaƙe-yaƙe, Amina ta riga ta ƙware, har manyan mayaƙa suka amince ta shige musu gaba.

Makaman zamaninta

Ba za ku fahimci jaruntakar Amina ba sai kun san kayan yaƙin da ake amfani da su a lokacin. Kusan dukansu daga hannun maƙeri da baduku da maɗinki suke fitowa. Ku da kuke zaune kusa da ƙauyen Nok kuna da abin alfahari a nan. A 1928 aka fara tono gumakan yumɓu na Nok a wurin haƙar kuza, kuma bincike ya nuna mutanen wannan al'ada sun san narkar da tama su fitar da ƙarfe fiye da shekaru 2,000 da suka wuce. Ke nan sana'ar ƙira ta daɗe ƙwarai a wannan yanki kafin a haifi Amina.

Makami na farko shi ne takobi. Takobin Hausawa miƙaƙƙe ne, mai kaifi biyu. Yana da ƙota, wato wurin riƙewa, da kube na fata wanda ake zura shi a ciki. Ana rataya shi a kafaɗa da igiya mai ado da ake kira hamila. Maƙeran gida suna ƙera wasu takubban, wasu kuma fatake ne ke kawo ruwansu ta hamadar Sahara.

Na biyu shi ne mashi. Akwai mashi marar nauyi wanda ake jifa da shi daga nesa, akwai kuma mai nauyi wanda mahayi yake riƙewa ya soki abokin gaba. Mashin da aka ƙera da ƙarfe tun daga tsini har gindi shi ake kira asigiri.

Na uku shi ne kwari da baka. Baka icce ne mai lanƙwasa wanda aka ɗaura wa tsarkiya. Kwari kuwa shi ne gidan kibau. Maharba sukan shafa wa tsinin kibiya dafi, ta yadda ko ƙwarzane ta yi wa mutum za ta iya halaka shi. Ban da waɗannan akwai barandami da gatari da kulki da wuƙa da majajjawa.

Akwai kuma kayan kare jiki. Garkuwa ana yin ta da busasshiyar fatar babbar dabba, kamar sa ko ɓauna. Sulke riga ce da aka saƙa da ƙananan zobba na ƙarfe. Kwalkwali hular ƙarfe ce. Lifidi kuwa rigar kariya ce mai kauri da ake cusa wa auduga a ɗinke, a sa wa doki da mahayinsa, domin kibiya ta maƙale a ciki ba tare da ta kai ga fata ba. Tarihin Kano ya nuna Sarki Kananeji, wanda ya yi mulki daga 1390 zuwa 1410, shi ne ya fara kawo lifidi da sulke da kwalkwali Kano, kuma ya yaƙi Zazzau. Ashe Zagezagi sun ɗanɗani zafin waɗannan kaya kafin su ma su mallake su.

Yadda ake koyon sarrafa makami

Mallakar takobi daban, iya shi daban. Mayaƙan Hausa sun kasu kashi biyu: barade, wato masu yaƙi a kan doki, da dakaru, wato masu yaƙi a ƙasa. Kowane kashi yana da nasa horo.

Barde yana fara koyon hawa tun yana yaro. Dole ya iya sarrafa linzami da hannun hagu, ya bar hannun dama domin makami. Dole ya iya sakin doki da gudu, sa'an nan ya ja linzami ya tsayar da shi cak. Yana koyon jifan mashi doki na gudu, da zare takobi cikin hanzari, da kare sara da garkuwa. Shi kansa dokin sai an horar da shi, don kada ƙarar tambari da ihun mayaƙa su firgita shi.

Dakaru kuwa yawancinsu manoma ne da maharba. Farauta ita ce makarantarsu. A daji suke koyon sanɗa da bin sawu da saita kibiya. Kokawa da dambe a dandali suna ƙara musu ƙarfi da juriya. Akwai sarautu na yaƙi da ke kula da waɗannan rundunoni, irin su Madaki, wanda yake shugaban barade, da Sarkin Baka, wanda yake shugaban maharba.

A fagen fama kowa yana da matsayinsa. 'Yan baka suna zuba ruwan kibau daga nesa. 'Yan lifidi suna tafiya a jere kamar katanga, su tsaga rundunar abokan gaba. Barade masu saurin doki suna bin waɗanda suka watse. Amma kowane makami yana da rauninsa. Lifidi yana da nauyi da zafi, idan mahayi ya faɗi da wuya ya tashi shi kaɗai, kuma kibiya mai wuta tana iya cinna masa gobara. Shugaban yaƙi na ƙwarai shi ne wanda ya san ƙarfin kowane kashi da rauninsa, ya ajiye kowa inda ya dace. Wannan sani ba ya samuwa rana ɗaya, domin ba a fafe gora ranar tafiya. Shekarun da Amina ta yi tana koyo su ne suka ba ta ikon jagorantar maza a fagen fama.

Yaƙe-yaƙenta

Tarihin Kano ya nuna cewa Amina ta shafe shekara 34 tana yaƙi. Ta ci garuruwa har zuwa ƙasar Kwararrafa ta wajen kogin Binuwai, da ƙasar Nufe ta wajen kogin Kwara, kuma garuruwan suka riƙa aiko mata da haraji. Sarkin Nufe ya aiko mata da babanni 40 da goro 10,000. Muhammadu Bello ya ƙara da cewa Katsina da Kano sun bi ta, kuma ta yaƙi ƙasashen Bauci.

Me ya sa ta yi ta wannan fama? Ku dubi taswira za ku ga amsa. Zazzau ita ce ƙasar Hausa da ta fi kusa da kudu. Fataken da ke ɗauke da gishiri da kanwa da tufafi da dawaki daga arewa sai sun ratsa ta. Masu kawo goro da ƙarafa daga kudu da yamma su ma haka. Duk wanda ya riƙe waɗannan hanyoyi shi ke karɓar fito da haraji. Tarihin Kano ya nuna a zamaninta ne kayan ƙasashen yamma suka yawaita a ƙasar Hausa. Goron da kuke gani yau a wurin ɗaurin aure da suna yana cikin kayan da cinikinsu ya bunƙasa ta waɗannan hanyoyi.

Ganuwar Amina

Ana yaƙi ne da rani, bayan an gama girbi, lokacin da rafuka suka janye. Labarin baka ya ce duk inda Amina ta yi sansani sai ta sa a kewaye shi da ganuwa. Ana haƙa rami mai zurfi a kewaye, a tara ƙasar ta ciki a gina katanga. Ramin yana hana doki tsallakawa, katangar kuma tana ba 'yan baka wurin laɓewa su yi harbi. Akan bar fili a ciki domin noma da kiwo, ta yadda ko an kewaye gari mutane ba za su mutu da yunwa ba.

Bayan runduna ta tashi, manoma da 'yan kasuwa sukan tare a cikin ganuwar saboda tsaro, sansani ya zama gari. Wasu ganuwowin sun girmi Amina, wasu kuma bayanta aka gina su, amma sunanta ya rinjaya har aka riƙa jingina mata su. Wannan yana nuna muku abin da jama'a suka fi tunawa da ita. Sunayen yawancin garuruwan da ta ci sun ɓace daga bakin mutane, amma katangar da ta ba su mafaka ta riƙe sunanta.

Ɗaya gefen labarin

Ɗalibi na ƙwarai yana duban labari ta kowane gefe. Garuruwan da Amina ta ci suna da mutane kamar ku, masu gonaki da 'ya'ya. Yaƙin wancan zamani yana tafe da ƙone rumbuna da kama bayi. Babanni 40 ɗin da aka aiko daga Nufe 'ya'yan wasu ne da aka raba da iyayensu. A ƙarnukan da suka biyo baya ma, al'ummun kudancin Zazzau sun sha fama da hare-haren masu neman bayi.

Amma doki yana da iyakarsa. Ba ya iya hawan dutse mai tsayi, kuma a ƙasa mai duhuwa ƙudan tsando yana kashe shi. Saboda haka al'ummu da yawa na wannan yanki suka kafa gidajensu a kan duwatsu ko a gindinsu, suka kare kansu da kwari da baka. Maharbin da ya laɓe a bayan dutse yana iya tsayar da barde mai sulke. Mutanen Kagoro, alal misali, sun riƙe 'yancinsu a kan duwatsunsu har zuwan Turawa. Ke nan jaruntaka ba ta wani ɓangare ɗaya ba ce. Mai hari yana da gwanintarsa, mai kare gida ma yana da tasa. Jikokin waɗannan da na waɗancan yanzu suna zaune aji ɗaya, suna cin kasuwa ɗaya. Sanin abin da ya faru tsakanin kakanni ya kamata ya sa ku ƙara riƙe zaman lafiya, wanda Hausawa suka ce ya fi zama ɗan sarki.

Rasuwarta

Amina ba ta yi aure ba, ba ta kuma bar ɗa ba. Muhammadu Bello ya rubuta cewa ta rasu a wani wuri da ake kira Atagara, wanda ake dangantawa da yankin Idah a Jihar Kogi ta yau. Ta rasu nesa da gida, a bakin aikin da ta ba rayuwarta.

Nijeriya ba ta manta da ita ba. A 1975, shekarar mata ta duniya, an buga hotonta a kan kan sarki na gidan waya. An kuma kafa mutum-mutuminta a kan doki a Babban Gidan Wasanni na Ƙasa da ke Legas. Akwai makarantar sakandare ta 'yan mata mai sunanta a Kakuri, cikin Kaduna, da ɗakin kwanan ɗalibai mata mai sunanta a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya.

Makami bayan yaƙi

Zamanin takobi ya wuce. Tun a ƙarni na 16 Mai Idris Aloma na Barno ya fara amfani da bindigogi. A 1903 sojojin Ingila suka ci Kano da Sakkwato da igwa da bindiga mai ruwan harsashi, waɗanda sulke da lifidi ba su iya tarewa.

Irin wannan canji ya faru a wasu ƙasashe. A Jafan akwai jarumai da ake kira samurai. Takobinsu, katana, mai ɗan lanƙwasa ne, mai kaifi ɗaya, kuma da hannu biyu ake riƙe shi. Matan gidajensu suna koyon naginata, wato doguwar sanda mai ruwan takobi a kanta. A 1876 gwamnatin Jafan ta hana yawo da takobi. Amma mutanen ƙasar ba su yar da ilimin ba, sai suka mayar da shi wasa da tarbiyya. Yau ɗalibai a makarantunsu suna koyon kendo da takobin gora, suna sanye da kayan kariya, suna rusuna wa juna kafin karawa da bayanta.

Mu ma muna da namu. A hawan salla na Zariya da Kano da Katsina za ku ga 'yan lifidi da 'yan sulke da 'yan baka. Mahaya suna sukuwa, su ja linzami a gaban sarki, su ɗaga makami su yi jinjina. Wannan shi ne tsohon horon barade, ya koma gaisuwa da ado. A bikin Afan na Kagoro, ranar 1 ga Janairu, da bikin Tuk Ham na Kwoi, jama'a suna fito da kaya da raye-rayen kakanninsu domin yara su gani su sani.

Kammalawa

Amina ta rayu a zamanin da ake auna shugaba da takobi, kuma ta ƙware a abin da zamaninta yake buƙata saboda ta fara koyo da wuri, ta jure. Ku naku zamanin da ilimi da sana'a ake auna mutum. Ku 'yan mata, ku tuna cewa mace ta taɓa jan ragamar rundunar Zazzau. Ku duka, idan wata rana kuka tsaya a gindin ganuwar Zariya, ku tuna da waɗanda ta ba mafaka, ku kuma tuna da waɗanda yaƙi ya raba da gidajensu.

Ma'anar kalmomi

Ganuwa: katangar ƙasa da ke kewaye gari domin tsaro.
Barde: mayaƙi a kan doki. Jam'i: barade.
Dakare: mayaƙi a ƙasa. Jam'i: dakaru.
Tsarkiya: igiyar baka.
Tama: dutsen da ake narkarwa a sami ƙarfe.
Sansani: wurin da mayaƙa suke sauka.
Fatake: 'yan kasuwa masu tafiya mai nisa.
Baba: bawan da aka dandaƙe domin hidimar gidan sarki. Jam'i: babanni.
Jinjina: gaisuwa ta ɗaga hannu ko makami.

Tambayoyi

1. Ta waɗanne hanyoyi biyu labarin Amina ya zo mana?
2. Kawo sunayen makamai uku da kayan kare jiki uku, ka bayyana kowanne.
3. Mene ne bambancin horon barade da na dakaru?
4. Me ya sa hanyoyin fatake suke da muhimmanci ga Zazzau?
5. Yaya al'ummun duwatsu suka kare kansu daga mahaya dawaki?
6. Bayyana ma'anar wannan karin magana: ba a fafe gora ranar tafiya.

Aikin gida

Tambayi wani dattijo a unguwarku sunayen makaman gargajiya biyar da harshenku. Rubuta su tare da sunayensu na Hausa, sa'an nan ka yi jimla ɗaya da kowanne.